Hoton dogarina na roba ya ƙi fita tas: wayar ce ko ni ne?

ɗan_birni07
Salamu alaikum jama'a. Wasunku sun san ɗan aikin da nake taɓawa a gefe. Ina tsintar mutum-mutumin roba na yara wajen masu gwanjo a Kasuwar Dole, irin masu gaɓoɓin nan da ake lanƙwasawa, in kankare fentin da suka zo da shi, in mayar da su namu na gida. Na baya-bayan nan dogari ne, tsayinsa santimita 15, ko taƙi bai cika ba. Sati uku na yi a kansa. Na ɗinka masa jar riga da ƙyallen da na roƙa wajen tela, na naɗa masa rawani da bandeji da na rina, takobi na yanko shi daga gwangwanin madara, kube kuma da guntun fata. A ido wallahi kamar zai daka maka tsawa. Amma da na ɗauke shi hoto sai ya fito dishi-dishi, fuskar kamar an shafe ta da man shanu, ga bangon ɗakina a bayansa ya fito tas har ana ganin tsagewar siminti. Wani a Yamai ya nuna yana so, na tura masa hoto shida, ya ce shi bai ga aikin da nake yabo ba. To wayar ce ta gaza in fara tara kuɗin wata, ko ni ne ban iya ba?

mai_kabukabu_zango
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, yaushe rabonka da goge gilashin kamarar? Tawa kullum maiƙon yatsa ne da ƙura.

baba_mai_hoto
Ɗana, ai ka ba kanka amsa ba ka sani ba. Tunda bango ya fito har da tsagewar siminti, kamarar lafiyarta ƙalau. Kai ne ka cusa mata dogarin a hanci. Kowane idon kamara yana da iyakar kusancin da zai iya gani, kamar yadda in ka kawo yatsanka dab da idonka ba za ka ga zanen fatarsa ba. Yawancin wayoyin da suka biyo ta hannuna, in abu ya matso ƙasa da santimita 10 sai su sake shi su kama abin da ke baya, wasu manyan ma sun fi haka son tazara. Ja da baya kamar taƙi ɗaya da rabi, ka taɓa fuskar dogarin a kan gilashin wayar, ka danne yatsa har ta kulle a nan, sannan ka ɗauka. Daga baya sai ka yanke gefe-gefen da ba ka so. Shekara da shekaru ina ɗaukar hoton fasfo da na amare, kuma har yau abin da ya fi lalata hoto shi ne gaggawar mai ɗauka.

ɗan_birni07
Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiya kun kama ni, har wayar takan taɓa rawanin. @mai_kabukabu_zango na goge yanzu, abin da ya fito a gefen rigata ba ya faɗuwa 😂

bigboss_zr
Ku daina wahalar da shi. Ka sayi iPhone kawai magana ta ƙare.

tanti_mai_duwatsu
@bigboss_zr kai za ka biya masa? Ni shekara huɗu ke nan ina sayar da sarƙoƙi da 'yan kunne na duwatsu ta WhatsApp, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, kuma ba wadda ta taɓa ce mini ba ta ga kaya ba. Ƙanena, nemi kwalin taliya ko na sabulu. Ka yanke taga babba a dama da hagu da sama, ka lulluɓe tagogin da farin ƙyalle marar kauri, tsohon mayafi ma ya yi. A ciki ka manna farar takarda doguwa daga saman bango ta gangaro har ƙasa, kada ka karya ta a lungu, ka bar ta ta lanƙwaso a hankali, ta haka ba za a ga layin da bango ya haɗu da ƙasa ba. Ka kai kwalin bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Shi ke nan. Jikka ɗaya ban kashe a nawa ba. Kuma don Allah ka kashe filasha. Filasha a kan abu ƙarami masifa ce, fari fat a gaba, baƙar inuwa a baya.

ɗalibin_fizik
Abin da Baba da Tanti suka faɗa daidai ne, bari in ƙara dalilin. Kamara ba ta da abin aiki sai haske. In ka shiga ɗaki da dare, ido yana ganin komai lafiya, amma ita yunwar haske take ji, sai ta yi ɗayan biyu. Ko ta daɗe ido buɗe, misali kashi 1 cikin 10 na sakan, wanda a cikinsa 'yar rawar hannunka ta isa ta goge zanen fuskar. Ko kuma ta ɗaga abin da ake kira ISO, hoton ya cika da tsaki-tsaki, sai wayar ta bi ta shafe tsakin, ta haɗa da saƙar rawaninka ta shafe. Wannan shafewar ce man shanun da kake gani. In wayarka tana da mode Pro, ka sa ISO a 100 ko ƙasa, ka jingina ta da wani abu, ka sa minuteur, wato agogon da ke jinkirta ɗauka, na sakan 3 don kada taɓawarka ta girgiza ta.
Abu na biyu, in da fitila kake aiki: ka ninka nisanta sau biyu, hasken da ke sauka kan dogarin ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Saboda haka matso da fitila ya fi ƙaro wata araha.

mai_kabukabu_zango
Malam ɗalibi ka dawo da mu lakwal 😅 Ni dai abin da na gane: a jingina waya. Kofin shayi biyu da robar ɗaure kuɗi sun ishe ni.

abu_sumayya
Ba don in ɓata muku hira ba, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi hukuncin abin da kansa. Sassaƙa surar mai rai da ajiye ta a ɗaki fa ba ƙaramar magana ba ce. Ɗan uwa ka bincika kafin ka zurfafa, balle har ka mayar da shi abin sayarwa.

umman_yara3
Malam abu_sumayya, ai ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW) ba a hana ta ba. Kuma shi ba sassaƙawa yake ba, riga yake ɗinka wa abin da ya tarar an riga an ƙera.

abu_sumayya
Hajiya, wannan na wasan yara ne, kuma a kansa malamai suka yi rangwame. Na babba da zai ajiye a kan tebur don ado, maganarsa daban ce, akwai saɓani. Ni nasiha na yi, ban yanke wa kowa hukunci ba.

shugaban_zaure
An ji nasiha, Allah ya saka da alheri. Mai tambaya ya san ƙofar malamansa, ya je ya zauna da su. A nan mu koma kan hoto, kada a wayi gari muna jifan juna da fatawa.

ɗan_birni07
Na gode Malam, zan tambaya in sha Allahu. Umma, ke ma na gode, amma don Allah a daina ce masa 'yar tsana, dogari ne guda da takobinsa.

tsohon_mushe
Ka ba ni dariya ɗana, domin wannan fushin naka ya girme ka. A 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan roba mai suna G.I. Joe, tsayinsa kusan santimita 30, gaɓoɓinsa na motsi. Sun san 'yan maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, sai suka ƙi kiransa da wannan suna, suka laƙaba masa wani da ke nufin mutum-mutumin gwagwarmaya. Sunan ya bi irin kayan har yau. Wancan na santimita 30 shi ne ma'aunin 1 bisa 6. Naka na 15 kuwa 1 bisa 12 ne, wato mutum mai mita 1 da 80 an rage shi sau goma sha biyu. Na kawo wannan ne don ya shafi hoto: duk abin da za ka ajiye kusa da shi sai ya bi wannan lissafi. Ka sa masa tabarmar gaske a ƙasa, kowane kaba ɗaya zai fito kamar katako, nan take ido ya gane abin wasa ne.

ɗan_birni07
Mushe, wannan ban taɓa lura da shi ba. Shi ya sa ke nan dokin da na samo masa ya zama kamar jaki a ƙarƙashinsa.

To ga rahoto. Jiya da dare na haɗa kwalin Tanti, na kasa haƙurin jiran safe, na sa ampul ɗin ɗaki a gefe ɗaya, tocilar caji a ɗayan. Fuskar ta fito, alhamdu lillahi, har gashin bakin da na zana da tsinken sakace ana gani. Amma rabin rawanin ya yi ruwan ɗorawa, rabi ya yi shuɗi-shuɗi, rigar kuma ta zama jan dunƙule guda, ba a ganin ko ninki ɗaya, balle aikin zaren da na yi a wuya. Ina cikin gwaji aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na tattara na kwanta.

baba_mai_hoto
Ka haɗa mata kishiyoyi biyu a ɗaki ɗaya. Kowace fitila da launin haskenta, kamara kuma ɗaya kawai take iya bi. Duba kwalin ampul, za ka ga an rubuta lamba da K a gaba. Mai 2700K haskensa ja-ja ne kamar na fitilar ƙwai, mai 6500K fari ne mai ɗan shuɗi, hasken rana tsaka yana wajen 5500K. Ko dai ka sa iri ɗaya a duka gefen, ko ka yi da fitila ɗaya tak, a ɗaya gefen ka tsayar da farar takarda ta maido hasken. Ni na fi son na biyun, domin yana barin 'yar inuwa a gefen fuska, ita ke nuna hanci hanci ne.
Ja kuwa tun zamanin fim yake ba mu wahala. Shi ne launin da ya fi saurin cikewa. Bayan ka taɓa fuskar za ka ga alamar rana a gefe, ja ta ƙasa kaɗan har sai ninkin rigar ya dawo. Hoto mai ɗan duhu ana iya haskaka shi daga baya, wanda ya ƙone ya tafi ke nan.

tanti_mai_duwatsu
Ai na ce maka da hantsi, ka ƙi ji. Rana ba a ɗauke ta.

zinder_gsm
Akwai abin da duk ba ku taɓo ba. Ya ce ya TURA hoto shida. Ta ina? In ta WhatsApp ne yadda aka saba, matse hoton yake ya rage girmansa don ya yi sauƙin tafiya, ƙananan zane su ne farkon abin da ke mutuwa. Ko ka danna HD kafin ka tura, ko mafi kyau ka tura shi a matsayin document, zai isa yadda yake. Facebook ma yana matsewa. Mutane da yawa suna kawo mini waya gyara wai kamara ta lalace, in buɗe hoton asali in ga lafiya lau.
Sannan kada ka ja zum da yatsu. In wayar ba ta da ido na biyu na nesa, zum ɗin yanka ne kawai da buɗawa. Ƙaramin idon nan na makro, na ɗaukar abu dab da kusa, da ake sa wa wayoyi masu araha ma kada ya ruɗe ka, da yawansu megafiksal 2 ne, babbar kamara daga nesa kaɗan ta fi shi.

bigboss_zr
Duk wannan dogon bayani saboda an ƙi sayen waya mai kyau.

zinder_gsm
Kawo taka mu shiga ɗaki mai duhu ka riƙe ta da hannu ɗaya, mu gani.

yar_karkada
Ni tambayata daban. Me ya sa dole sai cikin kwali? Dogari a farin kwali kamar maganin da ake talla. Ga duwatsun Birni, ga gidaje masu zane a fuska, ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina. Ka kai shi can, ka kwantar da wayar a ƙasa daidai ƙirjinsa ko ƙasa da haka, ka bar gini can nesa a baya. Daga sama in ka ɗauka, abin wasa ne a ƙasa. Daga ƙasa kuwa sai ya tashi ya zama ƙato. Na gwada da motar gwangwani da ƙanena ya ƙera, wata ƙawata ta ɗauka motar gaske ce.

tanti_mai_duwatsu
Ƙanwata, wannan hoton burgewa ne. Mai saye so yake ya ga ɗinki, ya ga baya, ya ga ƙasan takalmi. Ya yi duka biyun, amma na kwali shi ke kawo kuɗi.

ɗan_kokowa_mirya
Maganar fita waje ta tuna mini abin da ya same ni. Ni ma ina taɓa irin aikin, amma 'yan kokowa nake yi, da walki da guraye da layu, layun da ƙwayar shinkafa nake naɗe su cikin fata. Bara na ɗauki biyu na kai bayan gari da azahar, na zuba rairayi na kewaye da tsinke kamar fili. Kafin in gama saita waya yara sun fi ashirin a kaina, kowa na son ya taɓa. Na kore su, na dawo na tarar rana ta narkar da gam ɗin da na manna gurun da shi, ɗaya ya sunkuya kamar an kayar da shi tun ba a busa usur ba. Ina ƙoƙarin miƙe shi akuya ta zo ta wuce da ɗan bukkar kaba da na yi kwana biyu ina saƙawa. Tun ranar ba na fita sai bayan la'asar sakaliya, kuma da yaro ɗaya mai gadi. Rairayin ma sai ka tankaɗe shi da rariya, in ba haka ba kowace tsakuwa dutse ce a hoto, kamar yadda Mushe ya ce.

mai_kabukabu_zango
Akuya ta ci gasar ke nan, a ba ta takobi 🤣

baba_mai_hoto
Dariya kuke, amma lokacin hunturu in hazo ya rufe rana, gari duka ya zama kwalin Tanti. Babu inuwa mai kaifi, haske ya bazu ko'ina. Illarsa ƙura. Roba tana jan ƙura, wadda ido bai gani ba kamara za ta nuna ta kamar an watsa gari. Ka riƙa yawo da burushi mai laushi, irin na kwalliyar mata, ka share shi dab da za ka ɗauka.
Ɗana, wane fenti ka sa a fuskar? Na ga goshin yana walƙiya a hoton da ka sa.

ɗan_birni07
Na mai ne Baba, ragowar wanda aka shafa wa ƙofarmu. Shi ne a hannu.

ɗan_kokowa_mirya
Nan ne matsalar. Fentin mai yana ƙyalli, kuma a kan roba mai taushi wani lokaci ba ya bushewa sosai, ya yi ta danƙo yana kama ƙura. Ka nemi akirilik na ruwa wajen masu kayan lakwal ko masu zanen allo, ka tsinka shi, ka shafa siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Yana bushewa ba ƙyalli. Ni 'yan kokowata kaɗai nake sa wa ɗan sheƙi a kafaɗa da gangan, ya zama kamar gumi.

yar_karkada
Gwada portrait mana, baya ya dushe, shi ya fito.

ɗalibin_fizik
A'a Yaya, a kan irin wannan portrait ɓarna yake. Dushewar ta lissafi ce, wayar ke hasashen inda mutum ya ƙare. Abu siriri kamar takobi ko jelar rawani sai ta ɗauka baya ne ta shafe shi. Kuma ba ya ma buƙata, domin in ka matso kusa da ƙaramin abu baya da kansa yake dushewa. Matsalarsa akasin haka ce: wurin da ke fita tas siriri ne ƙwarai, in hanci ya fito, hannun da ya miƙo gaba ya dushe. Yawancin wayoyi ba a iya tsuke musu ido, don haka maganin shi ne ja da baya, da kuma tsayar da shi yadda takobi da fuska za su zama nisa ɗaya daga wayar.

yar_karkada
Ni dai tawa tana yi lafiya. Amma ban gwada da takobi ba, gaskiya.

bafaden_gida
Kuna ta maganar haske, ni rawanin nake kallo. Yaro, wa ya koya maka wannan naɗin? Ka fitar masa da kunnuwa biyu a sama kamar ɗan sarki. Dogari ba ya naɗa haka. Ranar hawan salla ka je ƙofar fada ka tsaya ka kalle su da kyau, ko ka tambayi dattijan unguwarku, ai a Birni kake. In hoton ya fita tas har ya kai Yamai da wannan naɗi, mu za a yi wa dariya.

ɗan_birni07
Ranka ya daɗe, na karɓi gyara, zan warware. Ai da hoton na dishi-dishi ne da ba ku gani ba 😅

Ga na yau. Ƙarfe tara na safe, ƙarƙashin rumfar gidanmu, waya a jingine da bulo, minuteur, na rage hasken kamar yadda Baba ya ce, na tura wa mutumin Yamai ta document. Ya amsa cikin minti biyar. Ya ce yanzu ya ga aiki, rigar ta burge shi, amma idon hagu ya fi na dama girma kuma akwai sawun burushi a kumatu, in rage masa kuɗi. Na ɗauko dogarin na duba da idona ban ga komai ba, na buɗe hoton na ga gaskiyarsa.

tanti_mai_duwatsu
Kada ka rage ko dala. Ka gyara idon ka sake ɗauka.

zinder_gsm
Ko ka mayar masa da na WhatsApp ɗin farko, ido biyu duk daidai suke a can.

baba_mai_hoto
Ka riƙa ɗaukar hoton fuskar tun kana cikin fenti, kana buɗawa kana dubawa, kafin ya bushe. Inuwar ƙarƙashin rawanin ma ta ɗan yi yawa, sa farar takarda a gabansa a kwance ta cillo haske sama.

bigboss_zr
Ba laifi. Amma da iPhone ne da ya fi.

ɗan_kokowa_mirya
@ɗan_birni07 in ka koma wajen masu gwanjon ka duba mini ko akwai masu faɗin ƙirji marasa sulke a jiki, nan Mirya sai sojoji masu hular kwano nake samu. Kuma wa ya san yadda ake tsayar da biyu suna riƙe da juna ba tare da wayar ƙarfen da ta tallafe su ta fito a hoto ba? Nawa da na saki hannu suke zubewa.